KATI ƊAYA, MATA BIYU: WA ZAI BIYA KUƊIN ASIBITI?

Na san da yawanku kun saba da ni ne a littattafan soyayya, inda yarinya za ta yi ta kuka daga babi na ɗaya har zuwa na goma kafin a ɗaura mata aure da wanda take so. To yau kam abin da na zo muku da shi a gabana ya faru, a gidan yayata uwa ɗaya uba ɗaya, a garin Argungu, cikin daminar 2024. Na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in rubuta amma in sakaya sunaye, ko Allah zai sa wata ta ɗauki darasi.

DAREN DA BA ZAN MANTA BA

Mijin Yaya direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi. Iyalinsa suna Argungu, shi kuma yakan zo gida ranar Juma'a da yamma ya koma Litinin da asuba. Mutum ne mai haƙuri da riƙon addini, albashinsa ba wani mai yawa ba ne, da ɗan abin da yake samu a gonar shinkafarsa ta fadama ake lallaɓa rayuwa. Yaya na da 'ya'ya biyar da shi. Shekara biyu da suka wuce kafin lokacin ya ƙaro aure, ya auro wata yarinya 'yar wajen Gulma, mai kunya da ladabi, wadda ko ido ba ta iya haɗawa da Yaya.

Ni kuwa na je musu hutun mako biyu ne domin in samu natsuwa in ƙarasa wani littafi. Amarya na da tsohon ciki, cikin fari. Tun daren Alhamis ta fara jin ciwon mara, aka kira tsohuwar ungozomar unguwa, ta shafa ta ce da saura. Aka wuni Juma'a ana jiƙe-jiƙe da tofi. Zuwa daren Asabar yarinyar nan ko kuka ba ta iya yi, sai nishi kawai. Yaya ce ta fito tsakar gida ta tsaya a kan mijinta ta ce, “Malam, wallahi in ba a kai yarinyar ga asibiti ba yanzu, gawa za mu kwana da ita.”

Aka samo mota cikin ruwan sama muka tafi. Bayan an duba ta, likita ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, ba za ta iya haihuwa da kanta ba, sai an yi mata aiki, kuma a nemi jini a ajiye. Aka miƙo wa maigida takarda mai ɗauke da jerin kayan da za a saya da kuɗin da za a fara ajiyewa. Na ga hannunsa yana rawa. Wata ya yi nisa, albashi ya ƙare, taki ya cinye abin da ya rage.

Sai ya ja Yaya gefe, ni ma ina kusa ina ji, ya yi ƙasa da murya ya ce, “Uwargida, ina katinki na asibiti? Mu ba da shi a ce ita ce, tunda ke da ita duk iyalina ne.”

Yaya ta yi shiru, can ta ce, “Malam, wanga kati hotona ne a kai. Hayil ɗina ma jinina ne anka rubuta ciki, da hawan jinin da nike da shi. In anka yi mata aiki da bayanina, wani abu ya hwaru, wa za mu ce ya kashe ta?”

Mahaifiyar maigida na zaune a benci, ashe ta tsinci maganar. Ta miƙe tana tafa hannu tana cewa yau ta ga kishi tsirara, mace ta ga 'yar uwarta a bakin mutuwa ta hana kati. Mutanen da ke barandar suka juyo suna kallonmu. Wallahi ni kaina sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ba ta tanka ba. Ta sa hannu ta cire 'yan kunnen zinarin da Innarmu ta ba ta ranar aurenta, ta kwance bakin zaninta ta fito da kuɗin adashin da ta ɗauka a satin, wanda ta yi niyyar sayen kayan ɗakin babbar ɗiyarta, ta danƙa wa mijinta. Ta ce da ni, “Auta, bi shi ku tai ku tada mai zinari, ko jingina ce ya amsa.”

Kafin kiran sallar asuba aka fito da 'ya mace, uwa da ɗiya duk da rai. Amma kafin a sallame su sai da aka sayar da akuya biyu da buhunan shinkafa shanshera da aka ajiye domin ci. 'Yan kunnen Yaya kuwa sai bayan girbi suka dawo kunnenta.

Tun a barandar nan tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ma'aikaci ne, yana da katin asibiti ta wurin aikinsa, to me ya sa matarsa ta kusa rasa rai saboda kuɗi? Da na koma Birnin Kebbi sai na ajiye littafin soyayya na shiga tambaya da karance-karance. Ga abin da na fahimta.

YADDA KATIN MA'AIKATA YAKE AIKI

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka fi sani da NHIS, an kafa dokarsa ne a 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, amma bai fara aiki ba sai 2005 zamanin Shugaba Obasanjo. Da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Hikimar abin ita ce a riƙa tara kuɗi kaɗan-kaɗan kowane wata tun ana lafiya, domin ranar da ciwo ya zo a ɗauka daga asusun a biya asibiti.

A ƙa'idar da aka shimfiɗa, wurin aiki ne ke zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin kasonsa kashi 5 cikin 100 ne. Bari in ba da misali don a gane. A ce tushen albashin mutum naira 40,000 ne. Wurin aikinsa zai zuba 4,000, shi kuma 2,000, an tara 6,000 ke nan a wata. Da wannan ne za a duba shi da iyalinsa a asibitin da ya zaɓa, a yi gwaji, a kwantar, a karɓi haihuwa, har da aikin fiɗa idan ta kama. A wajen magani kuwa mai kati yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin, asusu ya biya sauran.

To ga inda gizo ke saƙar. Iyalin da katin ya sani su ne ma'aikaci, da matar aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mutum shida ke nan. 'Yar uwa, ki duba gidajen unguwarku ki faɗa mini gida nawa ne ke da mutum shida kacal. A gidan Yaya, amarya ba ta cikin lissafi, autan Yaya ma ba ya ciki, domin shi ne na biyar. Ranar da babbar ɗiyarta ta cika 18 ita ma za ta fita.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ashe akwai ƙofar da aka bari a buɗe. Ma'aikaci na iya ƙara mata ta biyu ko ta uku, da sauran 'ya'ya, har da iyaye, idan ya cika takarda ya biya ƙarin kuɗi a kan kowane mutum. Mijin Yaya ya ce ya taɓa ji ana faɗa a ofis, amma da ya lissafa albashinsa da kuɗin makaranta da na taki, sai ya ce bari dai sai an samu sarari. Sararin bai zo ba har naƙuda ta zo.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke ta 1999, hukumar ta koma NHIA. Wannan doka ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya, ta ce duk wurin aikin da ke da ma'aikata biyar zuwa sama, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, dole ya shigar da su. Ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa ƙarfi, wato ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu juna biyu, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A takarda kam doka ta yi kyau. Amma ku tambayi yaran shago, da masu gadi, da malaman makarantun kuɗi, da masu ɗaukar buhu a injinan casar shinkafa da ake biyansu kullum-kullum, ku ji mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa riƙe kati. Har yanzu a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

WAƊANDA BA SU DA ALBASHI FA?

Jihar Kebbi, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agustan 1991, jihar manoma ce da masunta da makiyaya. Ma'aikatan albashi 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da masu shiga fadama da masu jefa homa a gulbi. Duniya ta san Argungu da bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka faro tun 1934, ta san Kebbi da shinkafa, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a nan jihar a 2015. Amma dukiyar manomi a hannun ruwa take. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san yadda gonakin shinkafa suka koma tafki, mai rumbu cike ya wayi gari yana neman na tuwo. Irin wannan mutum idan matarsa ta kwanta ciwo a watan Agusta, me zai sayar?

Domin irinsu ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a ciki. Sai a kasafin kuɗin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Wani kaso na tafiya wajen gyaran ƙananan asibitoci da sayen magani da kayan aiki, wani kason kuma, wanda shi ne ya fi shafar maganarmu, ana biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora da shi. Ma'ana, abin da wurin aiki ke yi wa ma'aikaci, gwamnati ce ke yi wa talaka.

A nan Kebbi, hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, ofishinta kuma yana Birnin Kebbi. Kano na da irinta, Sakkwato ma haka. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kuma manufar shirin ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya mai aiki, inda wanda aka yi wa rajista zai je a duba shi ba tare da ya biya ba. Awon ciki, karɓar haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, ciwon ƙananan yara, awon hawan jini da na suga, duk suna ciki. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti sai a rubuta takarda a tura mutum babban asibiti. Manyan asibitocinmu kuwa an san su, akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi, akwai na Kalgo, akwai kuma babban asibitin Argungu.

Da amaryar Yaya ta je awo tun cikin yana wata uku ko huɗu, da malaman asibiti sun gano kwanciyar ɗan kafin lokaci, da an shirya tun da rana tsaka, ba cikin dare da ruwan sama ba. Ba ta taɓa zuwa ba ko sau ɗaya. Da na tambaye ta dalili sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Kunya nike ji, kuma ban so a ce daga zuwana na hwara ci ma Malam kuɗɗi.” Allah Sarki!

Wata uku bayan abin da ya same mu, a Nuwamban 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi aikin fiɗar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Duk mai tsohon ciki ya kamata mijinta ya je ya tambayi wane asibiti ne mafi kusa da su da ke cikin wannan shiri, tun kafin ranar ta zo.

NA TSAKIYA, TSAKA-MAI-WUYA

Yanzu bari in zo kan waɗanda suka fi ba ni tausayi, wato irin su mijin Yaya. Direbobi, masinjoji, masu shara, masu gadi, ƙananan malaman firamare. Idan ana rubuta sunayen matalauta sai a ce ai wane ma'aikaci ne, yana da albashi, a tsallake gidansa. Idan kuma aka ce ya biya ƙarin kuɗi ya sa sauran iyalinsa a kati, albashin ba zai kai ba. Bai shiga layin masu hali ba, an kuma fitar da shi daga layin mabuƙata.

Na karanta yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa irin wannan. A Amurka mafi yawan masu aiki ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, ana yankar kasonsu daga albashi. Suna kuma da shirin gwamnati na kula da lafiyar matalauta mai suna Medicaid, wanda aka kafa a 1965. Sai suka lura akwai iyalai masu ƙaramin ƙarfi waɗanda maigida ko uwargida ke aiki a inda ake ba da inshora, amma ba sa shiga saboda yankan ya yi musu nauyi. Tun 1990 dokarsu ta ba jihohi damar biya wa irin wannan iyali kason da ake yanka, matuƙar an lissafa an ga yin haka ya fi wa gwamnati araha a kan ta ɗauki nauyin jinyarsu gaba ɗaya. Kowa ya ci riba ke nan. Wurin aiki ya biya nasa, gwamnati ta cike giɓin, iyali kuma sun samu kati.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Gana ta kafa nata tsarin a 2003, kuma tun 2008 mai juna biyu ba ta biyan kuɗin shiga. A Ruwanda gwamnati ce ke biya wa mafi talauci kuɗin asusun lafiya na al'umma. Maƙwabtanmu Nijar, da ke nan bayan Kamba, tun wajen 2006 suka ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aikin fiɗar haihuwa a matsayin kyauta. Kowace ƙasa da irin matsalar da ta ci karo da ita wajen aiwatarwa, musamman jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, amma dai sun gwada.

To ni a nawa ɗan tunanin, me zai hana a yi haka a Kebbi? Ƙaramin ma'aikacin da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, a duba gidansa, a biya masa kuɗin ƙara mata ta biyu da sauran yara daga asusun marasa ƙarfi, ko a raba biyu ya biya rabi. Wanda ya tsara mace ɗaya da 'ya'ya huɗu ya yi lissafin kuɗi ne, kuma lissafi gaskiya ne, asusu ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Amma gidajenmu ba haka suke ba, kuma ciwo ba ya tambayar wace ce uwargida wace ce amarya.

Masu hali ma akwai rawar da za su taka. Attajirin da ke raba atamfa da shinkafa da azumi, da zai ɗauki nauyin katin shekara na marayu goma ko zawarawa goma a unguwarsu, da ya yi sadakar da za ta kwana tana aiki. Ƙungiyoyin manoman shinkafa da na masunta da na 'yan kabu-kabu za su iya shiga a ƙungiyance, su biya na shekara gaba ɗaya lokacin kaka da kuɗi ke hannu. Sarakunanmu kuwa dama suna cikin wannan hidima. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, sananne ne wajen jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, kuma an ga amfanin bakin sarakuna a yaƙi da cutar shan inna. Idan uban ƙasa da mai unguwa da liman suka ce a je a yi rajista, za a je.

“IN BAN YI CIWO BA FA?”

Wannan ita ce tambayar da wata maƙwabciyarmu a Badariya ta yi mini. Ta ce ita fa adashi ta sani, ka zuba ka kwashe. Wannan kuwa ka zuba shekara guda, ba ka yi ko ciwon kai ba, kuɗinka sun tafi. Na ce mata Hajiya, ai wanda ya shekara bai kwanta ba shi ya fi kowa cin riba. Kuɗinki kuma ba ɓata suka yi ba, da su aka ciro ɗan wata, da su aka ƙara wa yaron wani jini. Kamar aikin gayya ne, yau a gonar wane, gobe a taki, kuma ba wanda ke fushi don ba a zo tasa gonar ba saboda ba ta buƙatar noma.

Na san akwai masu ƙyamar kalmar inshora saboda abin da suka ji game da riba da caca. Shi ya sa ma jihohinmu na Arewa da dama suka kira nasu tsarin taimakekeniya ko gudummawa, aka kuma zauna da malamai kafin a kafa. Fatawa ta malamai ce, duk mai shakka ya je ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma kada a fake da tawakkali a bar mace tana naƙuda kwana uku a ɗaka. Mun taso muna jin cewa a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah.

SHAWARATA GARE MU

Na ɗaya, ke matar ma'aikaci, ki tambayi maigida cikin ladabi, a lokacin da ransa ke sanyi, su wa da wa ke cikin katinsa. Ki gani da idonki. Mata da yawa suna zaune da tunanin suna ciki alhali sunansu bai taɓa shiga ba.

Na biyu, kai maigida mai niyyar ƙara aure, yadda kake lissafin lefe da sadaki da gyaran ɗaki, ka sa kuɗin katin amarya a ciki. Adalci tsakanin mata ya wuce rabon kwana da cefane. Kuma kada ka bari sai ciki ya tsufa, domin kati ba ya fara aiki a ranar da aka yi rajista, akwai lokacin jira.

Na uku, kada a ba da aron kati. Bayan kasancewarsa ha'inci, hatsari ne ga rai. Jinin mutane ba iri ɗaya ba ne, maganin da ya karɓi wata yana iya kayar da wata, kuma likita da abin da ke rubuce yake aiki.

Na huɗu, wadda mijinta ba ma'aikaci ba ne, ta je ƙaramin asibitin mazaɓarsu ta tambayi shugaban wurin ko ana rajistar marasa ƙarfi, da lokacin da ake yi. A tanadi lambar ɗan ƙasa ta NIN tun da wuri, ta manya da ta yara, domin ana neman ta. Idan an ce gurbi ya cika, a bar suna, a kuma riƙa komawa ana tuntuɓa. Mai nema yana tare da samu.

Na biyar, wanda ke da kati ya san haƙƙinsa. Ya san asibitin da aka rubuta masa, ya fara zuwa can, ya karɓi takardar turawa kafin ya wuce babban asibiti, sai fa in abin gaggawa ne. Idan aka nemi ya biya abin da yake ganin yana cikin kati, ya tambaya cikin mutunci, ya karɓi rasit, ya kai ƙorafi ofishin hukumar. Hukumomin nan domin mu aka kafa su.

Na shida, awon ciki ba abin kunya ba ne. Jijjiga, zubar jini, doguwar naƙuda da ke jawo yoyon fitsari, da yawansu ana ganin alamunsu tun a wajen awo. Uwargida, ki ja hannun amaryarki ku tafi tare, ladanki na wajen Allah.

Kafin in ajiye alƙalami, na san za ku so jin yadda aka ƙare a gidan Yaya. Ranar suna, bayan an shafa fatiha, maigida ya shigo tsakar gida ya sanar cewa jaririya ta ci sunan uwargida. Amarya ce da kanta ta roƙi haka. Tsohuwa kuwa, wadda ta yi ta tafa hannu a asibiti, ta kira Yaya ɗakinta ta ce, “Ɗiyata, ki yahe mini, bakina ya riga hankalina.” Yaya ta ce babu komai Inna, ta ɗauki takwararta ta goya.

Bayan girbi mijin Yaya ya je ofis ya cika takarda, ya biya, an sa amarya da jaririyarta da autan Yaya. Ya ce da ya haɗa kuɗin duka, bai kai abin da daren nan ɗaya ya ci ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba mazajenmu abin da za su riƙe mu da shi ta hanyar halal, Ya ba shugabanninmu ikon tausaya wa talakawa. Wadda ke da irin wannan labari ko ƙarin bayani, ta rubuto ta adireshin mujalla, za mu buga in Allah Ya so.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, daga Birnin Kebbi.